Yadda ake zaɓen shakazobar baya mai saiti da daidaita ta don tseren sha'awa

Yawancin masu wasan mota, da zarar sun ɗaura shakazoba mai saiti, sai su murɗe ta har ƙarshe wajen tauri su fita. Mota ta daina lilo, sitiyari ya yi kaifi, direba ya ji kamar an ƙara masa ƙarfin inji. Sai an duba agogo a ga lokacin zagaye bai ragu ba, wani sa'in ma ya ƙaru, ga bayan motar yana tsalle duk inda kwalta ta ɗan yi tudu. Taya ba ta riƙe ƙasa sai tana manne da ƙasa, shakazobar da tauri ya yi mata yawa kuwa ɗaga taya take yi. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan yake tafiya.

Zan yi misali da BMW E36, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 2000, saboda tayoyin baya ne ke tura ta, kayanta suna samuwa, kuma ita da ƙanwarta E46 ana yawan ganin su a hannun masu wasan mota a Najeriya. Ka'idar dai ɗaya ce a kowace mota. Mai jan gaba zan taɓa ta can ƙasa.

Me mamurɗin yake canzawa

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Shakazoba ba ta ɗaukar kaya, aikinta ta hana sifirin saurin matsewa da saurin miƙewa. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan hanyoyi, kuma duk motsin da taya ta yi sama ko ƙasa sai an tura man nan ta hanyoyin. Wanda ya taɓa tura ruwa da sirinji ya san abin: ka danna a hankali ya wuce salin-alin, ka danna da sauri ya turje. A yawancin shakazoba, mamurɗin da kake juyawa wata 'yar allura yake turawa ciki ko ya janye ta, ya tsuke hanyar man ko ya buɗe.

Saboda haka ƙarfinta yana bin saurin motsin sandarta ne, ba gudun motar ba. Idan sandar tana tafiya ƙasa da kimanin milimita 50 a sakan, wannan shi ne motsin jikin mota: karkata a kwana, duƙawa a birki, zaman baya idan an taka totur. Idan taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, sandar tana ninka wannan sau da yawa. Mamurɗin shakazobar da ɗan sha'awa zai saya, mafi yawan tasirinsa a motsin hankali yake, wato a abin da direba ke ji a kwana.

Abu na biyu, wanda ya fi ɓatar da mutane: idan mota ta shiga doguwar kwana ta gama karkata ta zauna, shakazoba ta daina motsi, don haka ba ta da ta cewa. Yawan nauyin da zai koma kan tayoyin waje gudu ne ke yanke shi, da faɗin motar, da tsayinta daga ƙasa. Yadda za a raba shi tsakanin gaba da baya kuma aikin sifirin ne da sandar sitabilaiza, wadda ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage karkata. Abin da ke hannun shakazoba shi ne saurin da nauyin zai isa. Ikonta a mashigar kwana yake, da mafitarta, da wajen sauya hannu daga dama zuwa hagu, da kan gargada.

Tana aiki ta fuska biyu. Matsewa, lokacin da taya ta matso jikin mota, ita ce za ka ga an rubuta bump ko compression a takardar kamfani. Miƙewa, lokacin da taya ta koma ƙasa, ita ce rebound. A bayan mota, birki miƙar da ita yake yi, totur ya matse ta. A kwana, ta waje tana matsewa, ta ciki tana miƙewa. Ka haddace wannan, don da shi za ka riƙa gane wane mamurɗi za ka taɓa.

Mataki na farko: duba motar kafin ka fitar da ko sisi

Sabuwar shakazoba a kan ruɓaɓɓun bushin, wato robobin da ke gaɓoɓin ƙafar mota, asarar kuɗi ce. Ɗaga bayan motar a kan madogarar ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A E36 wurare uku za ka fara dubawa. Bushin ɗin da ke gaban dogon hannun baya, idan ya mutu, tayar tana sauya saiti da kanta duk lokacin da ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa, sai ka ɗora wa shakazoba laifin da ba nata ba. Sai robar da ke riƙe kan shakazoba a cikin but, bayan kafet: sanannen rauni ne na wannan mota, robar tana yagewa, ƙarfen jikin motar da ke kewaye da ita kuma yana tsagewa. Shakazoba mai tauri tana ƙara wa wurin duka, don haka sayi mazauni mai ƙwari da farantin ƙarfe na ƙarfafawa tun yanzu. In ka ga tsaga, mai walda ya fara gyarawa. Na uku, wuraren da gadon ƙarfen baya ya kama jikin mota, musamman a E46, inda tsagewar nan ta yi suna.

Tabbatar da samfurin motarka ma. E36 Compact, mai guntun baya, da Z3 ba su da irin ƙafar bayan sauran E36, tsarin tsohuwar E30 suka gada, kuma shakazobarsu daban ce.

In kana da niyyar shiga gasa, karanta dokokin ajinka. Wasu azuzuwan suna ƙayyade yawan mamurɗai ko su hana gwangwanin mai na waje.

Mataki na biyu: zaɓe

Mamurɗi nawa? Mai guda ɗaya iri biyu ce, kuma dole ka san wacce kake saye. Koni Sport, mai launin ruwan ɗorawa, 'yar ƙasar Holan, miƙewa take canzawa. Haka KW V2 ta Jamus, mai ƙas 16, wato matakai 16 da mamurɗin ke yin ƙarar ƙas a kowanne. Bilstein B16 PSS10 kuwa ƙas 10 gare ta kuma tana taurara matsewa da miƙewa tare, haka BC Racing BR ta Taiwan mai ƙas 30. Mai mamurɗi biyu, irin KW V3, tana raba su: ƙas 16 na miƙewa, 12 na matsewa. Akwai mai uku da mai huɗu, waɗanda ke ware motsin hankali da na sauri, amma na ƙwararru ne masu na'urar ɗaukar bayanai a mota.

Ra'ayina, wanda bai taɓa saita shakazoba ba ya sayi mai mamurɗi ɗaya daga kamfanin kirki, ragowar kuɗin ya zuba a taya da mai na atisaye. Yawan ƙas ba inganci ba ne. Shakazoba mai araha tana iya zuwa da ƙas talatin amma goma na ƙarshe ba sa canza komai, ko ta hagu da ta dama su sha bamban alhali lamba ɗaya ka sa musu. Wannan rashin daidaito ya fi rashin mamurɗi illa, domin mota za ta riƙa yin hali biyu, ɗaya a kwanar dama, ɗaya a ta hagu. Idan mai sayarwa zai iya ba ka takardar gwajin injin awon shakazoba, wadda ke nuna ƙarfin kowace a sauri daban-daban, karɓi ka ɗora layin biyun ka ga ko sun hau juna. Bilstein B6 ko B8, da ba su da mamurɗi ko ɗaya, sun fi mai saitin da ba ta da gaskiya.

Sai ginin ciki. Mai bututu ɗaya, irin Bilstein, fistin ɗinta ya fi faɗi, akwai wani fistin mai yawo da ya raba mai da iskar naitirojin, kuma tana fitar da zafi da sauri tunda man yana jingine da bangon waje. Mai bututu biyu, irin Koni Sport, ta fi sauƙin kuɗi, kuma ko dutse ya lotsa bututun waje tana ci gaba da aiki, saɓanin mai ɗaya da lotsawa ke kashe ta. Zafi ba ƙaramin abu ba ne a nan. Shakazoba motsi take mayarwa zafi, man kuma idan ya yi zafi sai ya tsinke, in ya yi kumfa ƙarfin ya tafi gaba ɗaya. A Kano ko Sakkwato, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, wanda zai yi zagaye da yawa a jere mai bututu ɗaya ta fi masa. Wanda wasansa na minti ɗaya ne tsakanin alamomin roba, kowacce ta ishe shi.

Duba tsawo. In ka sauke motar ƙasa da gajeren sifirin, shakazoba mai tsawon asali za ta zauna kusa da ƙarshen tafiyarta tana dukan robar tsayawa, wadda ke jikin sanda tana tare ƙarshen matsewa. Shi ya sa Bilstein ta raba B6 don tsayin asali da B8 don motar da aka sauke.

Duba kuma inda mamurɗin yake. A E36 kan shakazoba a cikin but yake, in mamurɗin a sama yake, yanka ƙaramin rami a kafet ka huta. Amma akwai Koni ta baya wadda sai an cire ta daga mota ake saita ta. Wanda zai riƙa gwaji a fili ya nemi mai saiti daga sama, in ba haka ba gwaji ɗaya zai ci masa rabin awa.

Na Beljiyam fa? A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, akan ci karo da masu saiti da aka ciro daga motocin waje. Za ka iya dacewa, amma ka bincika. Sanda ta zama sumul, ba tsatsa ba karce. Babu danshin mai a wuyanta. Danna ta har ƙasa ka ja, kada ka ji wani wuri da ta wuce fayau ba turjiya. Mai iskar gas ta turo sandar waje da kanta, biyun kuma su fito da sauri kusan ɗaya. Murɗa mamurɗin daga farko zuwa ƙarshe, ka ja sandar a kowane gefe ka ji ko akwai bambanci. Gwajin hannu ba zai tabbatar maka tana da kyau ba, iyakarsa ya tona matacciya. Ka kuma tambayi kanka wa zai gyara ta in ta fara yoyo. BC Racing tana sayar da jikin shakazobar daban don musanya, wannan ya sa kula da ita ke da sauƙi ga wanda yake nesa da masu gyaran irin waɗannan kaya.

Mataki na uku: haɗa ta da sifirin

Nan akwai ɗan lissafi, kuma ya cancanci zama. Kowace shakazoba an gina ta ne don wani zangon ƙarfin sifirin. Ka sa mata wanda ya fi ƙarfinta, mota ta yi ta lilo ko ka ƙure mamurɗi. Ka sa mai laushi ƙwarai, ta danne shi ya kasa miƙewa.

A bayan E36 sifirin ba a jikin shakazoba yake ba, yana zaune a kan hannun sama, can ciki, nesa da taya. Don haka ƙarfin da taya ke gani bai kai wanda aka rubuta a jikin sifirin ba. Auna da kanka: cire sifirin, ɗaga cibiyar taya da jak santimita 10, ka ga nawa mazaunin sifirin ya matsa. A ce 6.5 ka samu. Rabon ya zama 0.65, ka ninka shi da kansa ya ba ka kusan 0.42. Sifirin mai kilo 10 a kowace milimita ke nan kilo 4.2 kawai yake bayarwa a taya. Wannan ne dalilin da za ka ga lambar sifirin baya ta BMW ta fi ta gaba girma, mutum ya ɗauka kuskure ne.

Daga nan za ka san saurin lilon bayan motar. Raba ƙarfin taya da nauyin da ke kan wannan kusurwa, ban da nauyin taya da birki, ka ɗauki tushen murabba'i, ka ninka da 15.76. In nauyin kilo 300 ne, 4.2 a raba da 300 ya ba da 0.014, tushensa 0.118, sakamako kusan lilo 1.9 a sakan. Motar gida tana tsakanin 1 da 1.5. Motar tseren kwalta marar fukafukai takan zauna tsakanin 1.5 da 2.5. A filin da kwaltarsa ba sumul ba ce, tsaya ƙasa da 2. In za ka yi odar shakazobar da za a gina maka, lambobi ukun nan za su tambaye ka: nauyin kusurwa, ƙarfin sifirin, da rabon motsi.

Wasu suna mayar da sifirin kan shakazoba a bayan E36. Kada ka yi sai an ƙarfafa wurin da kan shakazoba ya kama jikin mota da walda, domin ba a gina wurin don ɗaukar nauyin mota ba.

Mataki na huɗu: ɗaurawa

Kafin ka kwance noti na ƙasa, tallafe hannun baya da jak. Shakazoba ce ke hana ƙafar faɗuwa, in ka sake ta haka kawai za ta ja tiyon birki da sandar da ke juya taya. A but noti biyu ne ke riƙe mazaunin sama.

Kada bakanike ya sa bindigar iska a notin kan sanda, tana iya kwance fistin daga ciki ko ta lalata allurar saiti. Kada kuma a kama sandar da filaya, karce ɗaya ya isa ya cinye sil, robar da ke hana mai fita. Robar tsayawa da rigar ƙura su koma wurinsu. Duk notin da ya ratsa bushin na roba, sai mota ta sauka kan tayoyinta za a ɗaure shi ƙarshe, da ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

In taka irin wadda ake daidaita tsawon jikinta ce, ɗaga hannun baya har sifirin ya zauna daram ba ya girgiza, ƙara 'yan milimita kaɗan, sa'an nan ka daidaita tsawon shakazobar har raminta ya yi daidai da na noti. Tsayin mota a mazaunin sifirin ake saita shi, ba a jikin shakazoba ba. Idan mota ta zauna, kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar sanda ya rage don miƙewa, biyu don matsewa. Ɗaura 'yar igiyar robar nan ta ɗaure waya a jikin sandar, ka tura ta ƙasa. Bayan zagaye, inda ta tsaya shi ne iyakar matsewar da aka yi. In kullum a manne da robar tsayawa kake samunta, motar ta yi ƙasa da yawa ko sifirin ya yi laushi, kuma babu mamurɗin da zai gyara wannan.

Daga nan sai wajen saitin taya, tunda sauya tsayi yana sauya tsayuwar tayoyin.

Yanzu nemo sifili. A masu ƙas, yawanci ana rufe mamurɗi har ƙarshen tauri, a hankali da yatsa biyu, sa'an nan a ƙirga ana buɗewa. Daga rufe ake ƙirge saboda nan ne allura ke da tabbataccen wurin zama. Ka ji ya tsaya, tsaya, matsawa tana lalata allurar. Kada ka ɗauka dama ce tauri a ko'ina: a farin mamurɗin Koni hagu ne tauri, kuma ba ya ƙas, da rabin juyi ake ƙirga shi daga laushi. Koni ɗin da ake cirewa kuwa, sai ka zare robar tsayawa, ka danne sanda har ƙasa, ka juya a hankali har ta kama, ka murɗa dama don tauri, sa'an nan ka ja ta sama kamar santimita ɗaya ba tare da juyawa ba don ta saki. Shakazobar hagu da ta dama lamba ɗaya, kullum.

Mataki na biyar: gwaji a fili

Rufaffen fili, da izinin masu shi, da hular kwano da bel. Titin gari ba wurin wannan ba ne, ba don hatsari ga jama'a kaɗai ba, ko don aikin kansa: ba za ka iya maimaita kwana ɗaya sau goma da gudu ɗaya ba a inda Keke Napep ke ratsowa.

Ka riƙe komai yadda yake, abu ɗaya kawai zai riƙa canzawa. Direba ɗaya, fetur kusan rabin tanki, iskar taya a auna ta da geji bayan ta yi zafi. Ɗauki littafi: lamba ta gaba, lamba ta baya, iskar taya, lokacin kowane zagaye, da abin da ka ji a shiga, a tsakiya, a fita. Zagaye biyu na ɗumama taya da man shakazoba, uku ko huɗu na awo.

Fara da sanin iyakar abin da ke hannunka. Sa gaba a inda kamfani ya ce, ka bar shi. Yi zagaye da baya a laushi gaba ɗaya, sa'an nan ka kai shi kusa da ƙarshen tauri ka sake, da taka-tsantsan domin bayan zai iya kwashewa. Da ka ji gefe biyun nan, jikinka ya san abin da yake nema a tsakiya.

Mai mamurɗi biyu, bi tsarin da Koni ta daɗe tana ba masu tsere. Sa komai a laushi. Fara da matsewa, ka manta da karkatar mota, ka saurari yadda take bi ta kan tudu da gargada kawai, musamman a cikin kwana. Ƙara ƙas uku-uku har ka ji ta fara tsalle tana zamewa gefe a kan tudu, sai ka koma baya biyu. In baya ya riga gaba kaiwa nan, bar shi ka ci gaba da gaban. Sa'an nan miƙewa: ƙara kaɗan-kaɗan har mota ta riƙa karkata sau ɗaya ta zauna, ba ta wuce ta dawo ba. Nan za ka tsaya.

Miƙewa ce aka fi wuce gona da iri a kanta, domin tana sa mota ta ji daɗin hannu. Illarta a ɓoye take. Taya ta hau tudu sifirin ya matse, shakazoba ta hana shi dawowa kafin tudu na gaba, ya ƙara matsewa, haka-haka har motar ta sauka kan robar tsayawa. A nan ba ka da sifirin kuma, riƙon baya sai ya yanke farat ɗaya. In motarka lafiya lau take a farkon gargada amma tana ƙara ƙagewa yayin da gargadar ke tsawo, rage miƙewa.

Mai mamurɗi ɗaya, fara daga laushi ka riƙa hawa ƙas biyu-biyu, ko rabin juyi, har lilo ya mutu, ka ƙara har ta fara tsalle, ka koma baya.

Da ka samu saitin da kake ganin ya fi, koma tsohon ka sake zagayawa. Direba yana ƙara sanin fili a kowane zagaye, don haka lokaci yakan ragu ko ba a taɓa komai ba. In tsohon saitin ya ba da sabon lokacin, kai ne ka gyaru, ba motar ba.

Karanta abin da motar ke yi

A mashigar kwana, kana sakin birki kana juya sitiyari, nauyi ya tafi gaba, baya yana miƙewa. In bayan yana neman kwashewa a nan, rage miƙewar baya, tayoyin su samu saurin bin ƙasa. In kuma hancin ne ya ƙi shiga, yana turawa waje, ƙara miƙewar baya kaɗan, motar za ta fi yarda ta juya.

A mafita, ka taka totur, baya yana zama. In tayar baya tana sulɓewa da wuri, rage matsewar baya, nauyin ya sauka mata a hankali. In bayan yana faɗawa ƙasa da ƙarfi, hanci ya ɗaga ya tafi waje, ƙara matsewar baya.

A kwana biyu masu bin juna, dama sai hagu, in motar tana jinkirin amsawa sa'an nan ta watso baya da ƙarfi, laushi ya yi yawa. In tana amsawa nan take amma ba ta yi maka gargaɗi kafin ta zame, tauri ya yi yawa.

A tsakiyar doguwar kwana mai santsin kwalta, in baya ko gaba yana zamewa a kai a kai, cire hannunka daga mamurɗi. Je ka ga sitabilaiza, sifirin, karkatar taya da iskarta. Kuma kafin ka taurara wani gefe don gyara matsala, fara gwada sassauta gefen da ke zamewa. Taurarawa daidaita mota take yi ta hanyar rage riƙon gefen da yake lafiya, sassautawa kuwa ƙara riƙo take yi a inda ya gaza.

In an yi ruwa, sassauta duka biyun ƙas biyu ko uku.

Mota mai jan gaba, irin Golf ko Civic, lissafinta ya ɗan juya. Tayoyin baya ba sa tura komai, matsalarta kullum hanci ne da ke ƙin kwana, don haka akan taurara bayanta da gangan, musamman miƙewa, har tayar baya ta ciki ta riƙa ɗagawa sama. A wurinta wannan ba aibu ba ne. Sai dai ka hau a hankali, domin in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana mai gudu, irin wannan saiti yana juya mota.

Masu wasan zamiya suna ɗauka baya mai tauri suke buƙata. Yana sauƙaƙa fara zamiyar, gaskiya ne, amma yana hana motar tura kanta gaba tana cikin zamewa. Matsewa mai laushi tana barin baya ya zauna ya ciji ƙasa, miƙewa kuma ita ke saita saurin da motar za ta watso daga wannan gefe zuwa wancan. A jar ƙasa da tsakuwa kuwa, tsawon tafiyar sanda ya fi kowane mamurɗi muhimmanci: ɗaga motar, sassauta sifirin, rage miƙewa sosai don taya ta riƙa faɗawa cikin kowane rami tana fitowa.

Bayan kowace ranar wasa, goge sandar ka duba wuyanta. Ɗan danshi kamar hazo ba komai ba ne, mai da ke gangarowa sil ya tafi. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da wannan danshin tana cin sil da sauri, don haka yagaggiyar rigar ƙura a sauya ta nan take. Wanke zaren mazaunin sifirin ka shafa masa ɗan mai kada ya ƙage. Kada ka huda shakazoba ko ka kai mata wutar walda, akwai iska mai matsi a ciki. In ɗaya ta mutu, biyun za ka sauya ko ka gyara tare. Ka kuma sake ƙirga ƙas daga sifili kafin kowace fita, ka gwada da abin da ke littafinka, domin girgiza da hannun yaran gareji duk suna juya mamurɗi.